Kwalliyar injin mota a gida: abin da ake gogewa da abin da ba a taɓawa

Da yawa daga cikin ma'aikatan da ke shigowa Sakatariyar Tarayya daga Kubwa, Lugbe ko Nyanya ba sa buɗe bonet sai ranar da mota ta tsaya. Amma tun bayan cire tallafin fetur a 2023 da faɗuwar darajar naira, sauya mota ya fi ƙarfin albashi, kuma Corolla ko Accord ɗin da ke hannu ta zama kadarar da ake lallaɓawa. Shi ya sa wasu suka koma gyara fuskar injin da kansu a ƙarshen mako, maimakon miƙa ta ga masu wankin mota.

Aikin yana da amfanin da ya wuce ado. Injin da ƙurar hunturu da jan taɓon damina suka haɗu da baƙin mai suka lulluɓe shi ba ya nuna inda yake yoyo. Idan aka tsabtace shi, ɗigon mai daga murfin injin ko tsatsar ruwan lagireto a bakin tiyo za su bayyana cikin kwana biyu, tun gyaran bai zama na dubban ɗaruruwa ba. Haka kuma a nan ake gano wayar da ɓera ya fara ci.

Inda ake tafka asara shi ne wajen ruwa. Injin wanki mai feshi da ƙarfi yana cusa ruwa cikin altaneta, akwatin fiyus da ramukan filogi, kuma a wasu motocin na'urar da kanikawa ke kira birenbos tana nan cikin ɗakin injin. Mota ta shiga wanki lafiya, ta fito tana rawa, fitilar gargaɗi na ci, daga nan sai Apo wurin masu wayarin. Hanyar da ta fi aminci ba ta da tsada: a bar injin ya huce sarai, domin ruwan sanyi kan ƙarfe mai zafi na iya tsaga shi, a cire kan batir mai alamar ragi, a ɗaure altaneta, akwatin fiyus da bakin shaƙar iska da leda, sannan a bi lungu-lungu da burushi mai laushi, sabulun cire maiƙo da tsumma. Masu tsofaffin Honda su tabbatar suna da lambar sirrin rediyo kafin cire batir, don wasu sukan kulle. Farin garin da ke taruwa a kan batir kuwa, bekin soda da ɗan ruwa sun ishe shi.

Fetur da kananzir, waɗanda har yanzu ake wanke injin da su a bakin hanya, suna busar da roba, ga haɗarin gobara a harabar gida mai yara.

Sai batun ƙyalli. Man da ake shafa wa taya yana sa robobi su yi baƙi wuluk, amma idan ya taɓa fanbel sai ya riƙa zamewa yana ƙara, kuma maiƙonsa na kama ƙura fiye da da. Fentin gwangwani na gama-gari ba ya jure zafin bututun hayaƙi. Wanda ke son fenta murfin injin sai ya kwance shi, ya yi amfani da fenti mai jure zafi.

Akwai wurare biyu da fenti ko takardar gurza ba su da hurumin kusanta: lambar injin da aka buga a jikin ƙarfensa, da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Lambar da ta yi kama da an taɓa ta tana jawo tambayoyi daga jami'an Kwastam, 'yan sanda da ma'aikatan VIO a Mabushi, kuma takardu na gaskiya ba koyaushe suke saurin kashe zargin ba.

Mai shirin sayen mota ta hannu kuma ya yi hattara da injin da ke ƙyalli fiye da shekarunsa, domin dillalai ma sun san wannan wanki. Ya sa a tayar da ita, a zaga da ita na kusan rabin awa, sannan a sake buɗe bonet a duba gefen murfin injin da ƙasan inda ta tsaya.