Kaka ta yi, lokacin garka ya zo

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ruwa ya ɗauke, hatsi ya shiga rumbu. Amma tuwo ba ya ciwuwa sai da miya. Magidanta da yawa, tun cikin ɗari suke ɗibar hatsi tiya-tiya suna kaiwa kasuwa don kuɗin cefane. Kafin damina ta faɗi, rumbu ya ƙare, sai cin bashi. Ƴar garka a bayan gida ko kusa da rijiya ita ce maganin wannan ɓarna.

Abin ba sabo ba ne. Bayan farin shekara ta 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta kira jama'a ga noman rani. Ku dubi albasar Galmi, ku dubi garake na Mirya da Jiratawa. Abin da suke yi da yawa, kowane gida yana iya yin kaɗan nasa.

Kada a makara

Da sanyin safiya ake kamun fara. Tumati da shu da salati da karoti sanyi suke so. Wanda ya yi yafi cikin Oktoba ko farkon Nuwamba, kayansa za su nuna cikin ɗari. Wanda ya bari sai Janairu, zafin Maris zai tarar da tumatinsa yana fure, furen ya kakkaɓe, wahala ta tashi banza.

Gyaran wuri

Farko a yi darni da karan hatsi, tun dabbobi ba su cinye shi a gona ba. Akuya guda tana gama garka cikin dare ɗaya. Sannan a ja fangali: faɗi mita 1, tsawo mita 3 zuwa 5. A kafce ƙasa zurfin kamu guda, a gauraya ta da taki ruɓaɓɓe. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana jawo gara. A nan manomi da makiyayi sai su taimaki juna: wannan da kara, wancan da taki.

Yafi da dashe

Tumati yakan yi sati 3 zuwa 4 a wurin yafi, albasa kamar kwana 45. Da marece ake dashe, a bi da ruwa nan take. Tsakanin gindin tumati da ɗan'uwansa a bar santimita 50, albasa santimita 10 zuwa 15. Karoti ba a dasa shi. Inda aka shuka shi, nan yake girma. In ya tsiro da cunkoso, sai a rage. Ku rubuta ranar shuka a takarda, don ku san ranar dashe.

Ban ruwa safe da marece, ban da tsakar rana. In tsutsa ta kama, a daka ƴaƴan dogon yaro rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 su kwana, a tace, a yayyafa da marece.

Ɗiba da ajiya

Salati yana isa ci wata guda da ƴan kwanaki bayan dashe, karoti wata 3 bayan shuka. A wanke su sarai da ruwa mai tsabta kafin a ci. Albasa, in ganye ya kwanta, a tsai da ruwa kamar kwana 10 kafin a tone, a shanya ta a inuwa. Tumati in ya yi yawa, kasuwa takan faɗi. Kada a yar da shi: a yanyanka, a shanya bisa tabarma, ya zama kauɗa. Da bazara za a neme shi da tsada.

A ba yara da mata masu ciki karoti da kabewa da ganyen zogale. Suna tsare ido daga dundumi.

Jama'a, fangali 3 ko 4 sun isa farawa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Allah ya ba mu sa'a, amin.