Rubutun Jikin Aska da Hukuncin Dutse

A kudancin kogin Kaduna, daga Kakuri zuwa Makera da Nasarawa, wanzamai sun daɗe da zama. Jirgin ƙasa ya fara tara mutane a wurin, sa'an nan masaƙar Kakuri da aka buɗe a 1957 ta jawo dubban ma'aikata, kowa kuwa da kansa da gemunsa. Yau masaƙar ta rufe, reza da injin aski sun ci kasuwa. Amma har yanzu akan buɗe zabirar tsohon wanzami bayan rasuwarsa a tarar da aska mai ninkewa, da rubutun Turawa a wuyanta. Magada ba su iya karanta shi, dillali kuwa yakan karanta musu abin da ya ga dama.

Askar da maƙerin gari ya ƙera ba ta bukatar rubutu, gama kowa ya san maƙerin, in ta yi ha'inci an san ƙofar gidansa. Ta kanti kuwa daga nesa ta zo, don haka aka buga mata hatimi, watau salsalarta ke nan.

Abu na farko da za a duba shi ne sunan gari. Sheffield a Ingila take, Solingen a Jamus, su biyun nan su ne manyan garuruwan aska. Na biyu tambarin gida. Tauraro da gicciye na gidan Joseph Rodgers ne, lofen taba na gidan George Wostenholm, duka a Sheffield. 'Yan tagwaye kuwa na gidan Henckels ne na Solingen, tun 1731.

Na uku sunan ƙasa, shi ke nuna shekaru. A 1887 Ingila ta yi doka kan tambarin kaya, domin ana buga sunan Sheffield a kan ƙarfen da bai taɓa ganin garin ba, daga nan rubutun "Made in Germany" ya yawaita. Daga 1891 Amurka ma ta ce kayan da za su shiga ƙasarta sai da sunan ƙasar da ta yi su. Saboda haka askar da ke da Sheffield kaɗai, babu "England", sau da yawa ta girmi shekarar nan, ko da yake wannan alama ce, ba hujja ba. Wadda aka rubuta wa "W. Germany" kuwa tsakanin 1949 da 1990 aka yi ta, zamanin da Jamus ke rabe biyu.

In an ga 5/8 ko 6/8, faɗin ruwan askar ne da awon inci. "Hollow Ground" na nufin an rarake gefunanta biyu don bakin ya yi siriri. "Silver Steel" sunan wani irin ƙarfe ne kurum. Wanda ya ƙara kuɗi yana cewa akwai azurfar da za a narke a ciki, lalle ya ci haƙƙin mai saye.

To, duk wannan asali ne, asali kuwa ba shi aske gashi. Kaifi wurin dutse yake, nan ne kuma aka fi kashe aska. Kada a miƙa ta ga mai washin wuƙaƙe da ke juya dutse da inji. Bakinta ya fi takarda siriri, zafi kaɗan zai sa shi yi shuɗi, taurin da maƙeri ya ba shi da wuta da ruwa ya tafi, ba shi dawowa da washi.

Ga yadda gwanaye ke yi. A sami dutse mai laushi, shimfiɗaɗɗe, a jiƙa shi. A kwantar da aska har bakinta da gadon bayanta su taɓa dutsen tare, domin maƙeri ya auna kaurin bayan daidai da karkatar da bakin ke so. A tura ta baki na gaba, daga gindi zuwa tsini, ba dannawa, nauyinta ya isa. In an kai ƙarshe a juya ta a kan bayanta, ba a kan baki ba, a dawo. Ƙidayar wannan gefe ita ce ta wancan. Daga nan sai fata: a ja ta ta miƙe, amma a nan baya ke gaba, baki na bi, in ba haka ba sai a yanke fatar. Dutse na cin ƙarfe, fata kuwa miƙar da baki take yi, don haka fata kullum, dutse sai jifa-jifa. Askar da ta share gashin hannu ba tare da ja ba, ta isa. Mai saye kuma shi duba bayanta: in ya siɗe ya yi faɗi, dutse ya riga ya cinye rabin kwananta, kome kyan hatiminta.

Saura abu guda wanda hatimi da dutse duka ba su maganinsa. Likitoci sun tabbatar cewa ciwon hanta da ƙanjamau na bin jini, aska ɗaya kuwa a kan kai goma hanya ce. Goge ta a fata ba tsarki ba ne. A wanke ta, a tafasa ƙarfenta, ko kowane gida shi ajiye tasa, balle ranar suna da za a ɗora ta a kan jariri ɗan kwana bakwai.

Wanda ya gaji irin wannan aska shi karanta wuyanta kafin shi saurari dillali, wanda zai saya kuma shi nemi a ɗora ta a dutse gabansa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah shi ba mai sana'a albarkar sana'arsa, amin.