Sarƙar Cartier: Kuɗin Zinare, Kuɗin Daimon da Kuɗin Suna

Yau za mu taɓa zancen ado, amma adon da ya shafi aljihu. Da yawanku kun sha ganin hotunan sarƙoƙin wuya na gidan Cartier a wayoyinku, wata a wuyan matar sarki, wata a wuyan 'yar fim. Za ki ga 'yar siririyar sarƙa, wadda ko nauyin ɗan kunnenki ba ta kai ba, a ce kuɗinta ya ninka na sarƙar gwal ɗin da kika yi shekara kina zubin adashi kafin ki saya. To me ake saye a cikinta? Kuma in rana ta ɓaci, za ta dawo wa mai ita da kuɗinta?

Kafin mu yi nisa, mu daidaita kalma ɗaya. Bahaushe yakan kira daimon lu'ulu'u, ya kuma kira ɗan farin ƙwallon nan da ake samu cikin kawar teku lu'ulu'u. A hirarmu ta yau, dutsen da ake haƙowa daga ƙasa za mu ce masa daimon, na teku kuwa mu bar masa lu'ulu'u.

Wani maƙerin kayan ado mai suna Louis-François Cartier ne ya kafa gidan a birnin Faris na ƙasar Faransa a shekarar 1847. Jikokinsa uku, Louis da Pierre da Jacques, su suka fitar da sunan zuwa duniya. Sun buɗe reshe a Landan a 1902, suka buɗe wani a New York ta Amurka a 1909. Sarakunan Turai da na Indiya suka zama abokan cinikinsu. Yanzu gidan ya fita daga hannun zuriyar, yana ƙarƙashin kamfanin Richemont na ƙasar Siwizalan.

Cikin tsofaffin sarƙoƙin gidan babu wadda ta kai ta Patiala suna. A da Patiala masarauta ce a arewacin Indiya. A 1925 sarkinta, Bhupinder Singh, ya kai duwatsunsa masu daraja Faris, ya ce a ƙera masa abin wuya. Sai 1928 aka gama. Ku lura, ta namiji ce, shi sarkin ne yake sakawa ranar hawa da zaman fada. Jere biyar ce, ta rufe ƙirji gaba ɗaya, an dasa mata daimon 2,930 a kan farin ƙarfen nan mai tsada da ake kira filatinom. A tsakiya akwai wani daimon mai ruwan ɗorawa da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1888, ana kiransa De Beers, nauyinsa ya haura karat 234, wato wajen giram 47 ke nan dutse guda.

To ina ta shiga? Wajen 1948, bayan Indiya ta sami 'yancin kai sarauta ta fara rasa ƙarfinta, sai aka daina ganin sarƙar. A 1982 babban dutsen ya ɓullo shi kaɗai a wajen gwanjo a birnin Janiba. A 1998 wani ma'aikacin Cartier ya ci karo da ragowar sarƙar a wani shagon tsofaffin kayan ado a Landan, duk an ciccire manyan duwatsun. Gidan ya saye ta, ya gyara, ya cike guraben da duwatsun kwaikwayo don mutane su ga yadda take a da. Abin lura a nan, 'yan uwa, shi ne duk wanda ya rabu da ita bai sayar da ita a matsayin sarƙa ba. Farfasa ta aka yi, aka sayar da abin da kasuwa ke so.

Labari na biyu ya fi kusa da mu. A 1917 wani attajirin Amurka, Morton Plant, yana da katafaren gida a titin Fifth Avenue na New York. Matarsa ta ga wata sarƙar lu'ulu'u mai jere biyu a wajen Pierre Cartier, wadda aka yi wa kuɗi dala miliyan 1, ta ce ita fa sai ita. Sai aka yi musaya: Cartier ya ba da sarƙa ya ɗora dala 100, ya karɓi gida. A lokacin kowa gani yake ciniki ya yi daidai, domin sai masu nutso sun buɗe kawa bila adadin kafin a haɗa ƙwallaye masu girma ɗaya da haske ɗaya. Ba a jima ba sai Japanawa, irin su Kokichi Mikimoto, suka cika kasuwa da lu'ulu'un kiwo, wanda ake sa kawa ta yi shi a gonar ruwa. Farashi ya karye. Da aka yi gwanjon sarƙar a 1957, bayan rasuwar matar, abin da aka samu ko dala 200,000 bai kai ba. Gidan kuwa har yau yana nan, a cikinsa Cartier ke ciniki a New York. Ku riƙe wannan labari, za mu dawo kansa in mun zo kan daimon.

Akwai kuma sarƙoƙin 'yan fim. A 1969 Cartier ya sayi wani daimon mai karat 69 da 'yan kai a gwanjo a kan dala 1,050,000, nan da nan Richard Burton ya saye shi ya ba matarsa Elizabeth Taylor. Da ya yi mata nauyi a zobe, sai ta sa aka mayar da shi sarƙa. A 1975 kuma aka ƙera wa María Félix, 'yar fim ɗin ƙasar Meziko, sarƙar zinare mai siffar kada biyu, ɗaya an lulluɓe shi da daimon mai ruwan ɗorawa sama da 1,000, ɗayan da koren dutse zumurrudu sama da 1,000. Irin waɗannan guda ɗaya ake yi, don mutum ɗaya. Shi ya sa in sun fito gwanjo masu tara kayan tarihi ke rububinsu, har shi kansa gidan yakan sayo tsofaffin kayansa ya adana.

Yayi ma yana juyawa a can kamar yadda yake juyawa a nan. A farkon ƙarni na 20 farar ƙira ake so, filatinom da farin daimon. Wata mace, Jeanne Toussaint, wadda aka ba shugabancin sashen manyan kayan ado na gidan a 1933, tana cikin waɗanda suka dawo da martabar jan zinare, ita ce kuma ta ɗaukaka siffar damisa da aka san gidan da ita. Sarƙoƙin zamani da kuke gani a waya yawanci daga ƙira biyu suka samo asali: Trinity, zobba uku a sarƙe, fari da ja da mai ruwan hoda, wadda ta fara a matsayin zobe a 1924, da kuma Love mai alamar kan kusa, wadda ta fara a matsayin awarwaro a 1969. Waɗannan ana yin su da yawa, duk mai kuɗi zai iya shiga shago ya saya. Nan bambancinsu yake da na sarakuna.

To yanzu mu warware kuɗin. Duk sarƙar irin wannan gida abu uku ake biya a cikinta.

Na farko zinare. Tsantsar zinare shi ne karat 24, amma yana da taushi, sai an gauraya shi da azurfa ko jan ƙarfe kafin ya riƙe dutse. Cartier da takwarorinsa na Turai karat 18 suka fi amfani da shi, shi ya sa za ki ga an buga 750 a jikin maƙullin, ma'ana kashi 750 cikin 1,000 zinare ne. Na Saudiyya da Dubai da muka saba da shi, mai karat 21, shi ake buga wa 875, mai 22 kuma 916. Kin ga sarƙa mai giram 10 in karat 18 ce zinarenta giram 7 da rabi ne, in 21 ce kuwa ya kusa giram 9. Wannan kason shi ne mai hawa sikeli, shi ne kuma wanda kowane mai sayen gwal zai ba ki kuɗinsa a take. A 2001 oza ɗaya ta zinare, wato giram 31 da ɗan ɗori, ba ta kai dala 300 ba. A 2020 ta haura 2,000, a watan Oktoba na 2025 ta haura 4,000. Yakan faɗi ya daɗe a ƙasa, kamar yadda ya yi daga 2013, amma bai taɓa rasa mai saye ba.

Na biyu daimon. Kar karat ɗinsa ya ruɗe ki, shi na nauyi ne: karat 5 su ne giram 1. Abu huɗu ake dubawa, nauyinsa, launinsa, tsabtar cikinsa, da yadda aka fere shi. Launi ana jera shi da haruffa daga D, wanda ya fi fari, zuwa Z. Babban dutse akan haɗa shi da takardar shaida daga wata cibiyar gwaji, wadda ta fi suna ita ce GIA ta Amurka. Sai dai daimon ba shi da farashin sikeli irin na zinare. Ƙananan nan da ake jerawa kamar gero, in kika kai sarƙa sayarwa, da yawan masu saye cire nauyinsu za su yi su biya ki kuɗin gwal kawai. Ga kuma abin da ya sami lu'ulu'u ya fara samun daimon. Yanzu ana yin sa a masana'anta, sinadarinsa ɗaya da na ƙasa, ido ba ya rabe su sai da na'ura. Kamfanin De Beers da kansa ya fara sayar da irinsa a 2018 a kan dala 800 kowane karat, a 2025 ya ba da sanarwar rufe wannan sashe saboda farashin ya zube.

Na uku aiki da suna. A nan mafi yawan kuɗin 'yar siririyar sarƙar nan yake: ƙira, hannun maƙeri, hayar shago a titi mafi tsada, talla, da jan akwatin da ake saka ta. Ba yaudara ba ce, aikin yana da kyau, kuma mai saye ta san abin da take so. Amma suna sai a inda aka san shi yake da kuɗi. Dillalin kayan Cartier a Landan ko Dubai zai biya wani abu saboda sunan, galibi ƙasa da kuɗin shago in ƙirar ta zamani ce. Mai sayen gwal a kasuwar garinku kuwa sikeli zai ɗauko, ya goga a dutse, ya gaya miki giram nawa ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Saura zancen jabu, don kusan babu sunan da ake kwaikwaya kamar wannan. Akwai mai ruwan gwal, wadda wata biyu ta isa ta koɗe. Akwai kuma wadda zinarenta na gaske ne, wani maƙeri ya kwaikwayi ƙirar har ya buga sunan. Wannan ta biyun ita ta fi cin mutane, domin in an gwada za a ce gwal ne. In gwal ne, a biya kuɗin gwal da na ƙira, kar a biya kuɗin suna. Ta asali tana da sunan gidan a rubuce tsaf, da 750, da lambarta ta kanta, da takardar da lambar ta dace da ita. Wadda aka yi wa hatimi a Faransa za ki ga ɗan mitsitsin kan gaggafa a kan zinare mai karat 18, filatinom kuma kan kare. Amma duk ana iya kwaikwayon waɗannan, saboda haka in kuɗin mai yawa ne a kai wa masani ya duba kafin a biya. In dillaliya ta kawo miki a rabin kuɗi tana cewa mai ita ce ta matsu, ki tuna araha ba ta ado.

Shawararmu a nan ita ce, kafin ki fitar da kuɗi ki tambayi kanki: ado nake nema ko ajiya? In ado ne kuma Allah Ya hore miki, ki sayi abin da ranki ke so, ki adana rasit da takarda da akwati, ki raba ta da turare da man shafawa, kar kuma ki cusa mai daimon cikin sauran gwalagwalai, don zai karce su. In kuwa ajiya ce, irin wadda uwa ke yi don kuɗin makarantar yara, ko kayan ɗakin 'ya, ko ranar asibiti, to ki nemi mai nauyi, mai karat sama, mai sauƙin ƙira, marar duwatsu, a auna a gabanki a rubuta giram da karat a rasit. Iyaye masu haɗa lefe da amare masu zaɓe, wannan magana har da ku.