Daga Zane A Shimfiɗe Zuwa Tulu Da Bokiti: Yadda Kwamfuta Ke Ta Da Siffa

Kara-Kara unguwa ce a garin Damagaram. A da can nan aka ware wa kutare. Yau ta cika da jama'a, kuma samarinta da yawa suna neman aikin yi. A shekarar 2021 Aïcha Macky, ƴar garin, ta yi fim mai suna Zinder a kan zaman waɗannan samari. Akwai wata sabuwar sana'a da ta kamata su sani, su da iyayensu manoma da makiyaya. Ita ce zanen kaya a kwamfuta tun kafin a ƙera su.

Mafarin abin

A shekarar 1963 wani Ba'amurke, Ivan Sutherland, ya nuna ana iya yin zane a fuskar kwamfuta. A Faransa kuma, Pierre Bézier na kamfanin motoci na Renault ya tsara hanyar zana layi mai lanƙwasa da lissafi, domin jikin mota. Yau akwai manhajoji, wato tsarin aikin da ake zuba wa kwamfuta, irin su FreeCAD da Blender. Su biyun kyauta ne, ba a sayen su.

Zane a takarda yana da tsawo da faɗi kawai. Tulu kuwa yana da ciki, yana cin ruwa. Aikin manhaja shi ne ta ba zanen jiki. Hanyoyi huɗu ne manya.

Hanya ta 1: Ja sama

Mai zane ya zana da'ira. Sai ya ce wa kwamfuta ta ja ta sama mita 1. Nan take da'irar ta zama kamar ganga. In ya zana da'ira biyu, ƙarama a cikin babba, ya ja su, sai zoben siminti na rijiya ya fito.

Hanya ta 2: Juyawa

Maginan tukwane na Mirya sun san tulu ɗaya yake ta kowane gefe. Saboda haka mai zane rabin tulun kaɗai yake zanawa, daga gindi zuwa baki. Sai ya ja miƙaƙƙen layi a tsakiya, kamar turke. Kwamfuta ta juya rabin nan ya kewaye turken sau ɗaya. Tulu ya cika. Haka ake ta da turmi, da akushi, da mazurari.

Hanya ta 3: Haɗa zobba

Mai ginin rumbun ƙasa yana hawa zobe bisa zobe. Gindi matsattse ne, ciki ya buɗe, baki ya sake tsukewa. Mai zane sai ya jera da'ira uku ko huɗu, kowace a nata tsayi. Kwamfuta ta lulluɓe tsakaninsu da bango.

Hanya ta 4: Bin hanya

Wannan ta hancin buta ce da mariƙin bokiti. A zana ƙaramar da'ira, a zana lanƙwasasshen layi. Da'irar ta bi layin har ƙarshensa, ta bar jiki a bayanta.

Doka guda

Makiyayi ya san shingen da ke da ƙofa a buɗe ba ya tsare bisashe. Haka zanen yake. Dole bakin layi ya koma ya haɗu da mafarinsa. In an bar ƴar kafa, ko ba ta kai tsinin allura ba, kwamfuta za ta ƙi aikin, ko ta ba da fanko marar ciki. Kuma kada layi ya gitta kansa. Nan ne sababbin hannu suka fi tuntuɓe.

Mene ne amfanin?

Amfanin shi ne sanin awo kafin kuɗi su fita. Ga misali. Bokiti mai gindi santimita 20, baki 30, tsayi 30, yana cin wajen lita 15. Rijiya mai faɗin mita 1 da santimita 80, kowace mita ta zurfin ruwanta tana ɗauke da wajen lita 2,500. Ganga mai faɗin mita 1 da tsayin mita 1 tana cin lita 785. In aka ninka faɗin ya zama mita 2, ba ninki biyu za ta ci ba. Ninki huɗu ne, wajen lita 3,140. Wanda zai gina wurin shayar da dabbobi ko rumbu, wannan ilimi zai tsare masa siminti da ƙarfi.

Maƙeri ma yana da rabo. Jikin bokiti in an warware shi ba miƙaƙƙe ba ne. Lanƙwashe yake kamar baka. Tsohon maƙeri ya san haka da ido. Yaron da ke koyo kuwa yakan ɓata fallen ƙarfe kafin ya gane, kuma ƙarfe ya yi tsada. Wasu manhajoji suna warware siffar su shimfiɗa ta. A buga a takarda, a ɗora bisa ƙarfe, a yanka daidai.

Ƙofar shiga

Kwamfuta ba ta ƙira, ba ta gini. Hannun mai sana'a ne ke yi. Kuma lamba kaɗai take ji. Wanda bai iya karanta 20 da 200 ba, zai nemi bokiti ya samu randa. Don haka ƙofar wannan sana'a ita ce ajin yaƙi da jahilci. A koyi karatu, a koyi lissafi, a iya riƙe igiyar awo. Iyaye su tura yara makaranta, maza da mata. Samarin Kara-Kara kuma su raɓi tsofaffin maƙera da magina, domin mai zanen da bai taɓa riƙe guduma ba yakan zana abin da ba ya ƙeruwa. Allah ya ba da sa'a.