Ɗa a Amurka, tsohuwa a Damagaram

Tun cikin shekarun 1990 samarin Nijar suka soma kwarara zuwa Amurka, wasu ta hanyar karatu, wasu ta cacar biza da dokar 1990 ta kafa. Da yawa sun yada zango a New York da Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa. Yau furfura ta tsiro musu, kuma abin da ke hana su barci shi ne tsoho da tsohuwar da suka bari a Maraɗi, Tawa ko Damagaram.

A dokar Amurka, mai katin zama, wato girin kad, ba ya da ikon ɗauko mahaifansa. Sai ya zama ɗan ƙasa, galibi bayan shekara 5 da samun katin, kuma sai ya cika shekara 21 da haifuwa. Sannan ne zai cika takarda mai lamba I-130, ɗaya domin uwa, ɗaya domin uba. Iyaye na cikin dangi na kusa waɗanda doka ba ta ƙayyade yawan bizarsu a shekara ba. Amma alfarmar ta tsaya kansu su kaɗai: autan da ke gaban tsohuwa ba ya bin ta, dosiyensa daban ne, kuma layin ƴan'uwa ya wuce shekara 10. Mutumin da zai shiga ƙasar da niyyar zama da mace fiye da ɗaya kuwa, doka ta hana masa biza.

Wahalar farko ta takardu ce. Yaya mutum zai tabbatar wa baƙo cewa wadda ta goya shi uwarsa ce? Da yawa an haife su a ƙauye ba tare da an rubuta su ba, sai ranar shiga lakkol aka yanka musu jujuma a gaban alƙali. Takardar da aka yi shekaru bayan haifuwa ba ta cika gamsar da ma'aikatan Amurka ba, har sukan ba da shawarar gwajin DNA. Abin da ciwo, amma haka tsarin yake.

Sai nauyin aljihu. Tun dokar 1996, ɗan yana sa hannu kan takarda mai lamba I-864, inda yake nuna cewa abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin ɗari na mizanin talauci da gomnati ta tsaida. Wannan alkawari ne da kotu ke iya kama shi da shi, kuma yana wuyansa har mahaifin ya zama ɗan ƙasa, ko ya yi aikin kimanin shekara 10, ko ya bar ƙasar ɗungum, ko rai ya yi halinsa. Dattijon da bai taɓa aiki can ba sai ya yi shekara 5 kafin ya iya sayen inshorar Medicare. Kafin nan, hawan jini da ciwon suga suna kan ɗa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗi ba. Tsohuwar da ta saba da suna da biki da gaisuwar maƙwabta ta kan wuni ita kaɗai cikin ɗaki, sanyi a waje, jikoki suna yi mata Ingilishi. In ta koma gida ta zarce shekara guda ba tare da takardar izinin komowa ba, katin na iya kuɓuce mata.

Duk wannan lissafi na lokacin da ƙofa ke buɗe ne. A watan Yuli na 2025 ofishin jakadancin Amurka na Yamai ya dakatar da aikin biza na yau da kullum. A watan Disamba na shekarar, shugaba Donald Trump ya sa Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, cikin ƙasashen da aka hana ƴaƴansu shiga daga 1 ga Janairu 2026, kuma sanarwar ta soke rangwamen da a da aka yi wa iyayen ƴan ƙasa.