Ranar da malami ke sauka ya bar ɗalibi: Yadda masu koyon tuƙin jirgi ke tashin farko su kaɗai

Mazauna Palladan da Samaru da Kwangila a Zariya sun saba da ƙarar ƙananan jirage tun da sassafe, suna tashi suna sauka kamar ba su da wurin zuwa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, wani lokaci mutum ɗaya ne tak a cikin jirgin, kuma a ranar ce ya fara tashi ba tare da malami a gefensa ba.

Matuƙa na kiran wannan tashi "solo". Yawanci ba ya wuce minti goma, domin zagaye filin jirgi ne kawai a dawo a sauka. Amma duk kyaftin ɗin da ke ɗaukar fasinjoji daga Kano zuwa Jidda sai da ya bi ta wannan mataki, kuma ɗalibin da ya kasa kaiwa gare shi, a nan karatunsa ke tsayawa.

A Najeriya, fitacciyar makarantar da ake wannan horo ita ce Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wato NCAT, wadda aka kafa a 1964 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. A nan Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, ta yi karatu, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin.

Malami ne ke yanke hukunci

Ba ɗalibi ke zaɓar ranar ba, malaminsa ne. Akasari ɗalibai kan kai wannan mataki bayan sun yi awa 10 zuwa 30 a sama tare da malami, gwargwadon ƙwazonsu da yanayin gari da kuma yawan tashin da suke samu a mako.

Kafin nan sai likitan da hukuma ta amince da shi ya duba idon ɗalibin da kunnensa da zuciyarsa. Sai ya san dokokin sararin sama da yanayi da yadda injin ke aiki, ya kuma iya magana da hasumiyar kula da jirage ta rediyo.

A sama kuwa, malami zai sa shi ya rage gudu da gangan har fukafukai su daina ɗaukar jirgin, hanci ya sunkuya, don ya san alamun hakan da yadda ake farfaɗo da jirgin. Zai kuma janye totur ba zato ba tsammani, ya tambaye shi inda zai sauka idan da gaske injin ya mutu.

Malamai da dama ba sa sanar da ɗalibi tun da wuri, don kada ya kwana bai runtsa ba. Za su tashi tare kamar kullum, su yi sauka uku ko huɗu. Idan duka sun yi kyau ba tare da malamin ya taɓa komai ba, sai ya ce a tsaya a gefe, ya kwance bel, ya sanar da hasumiya, ya fita ya rufe ƙofa.

Sa hannun malamin a takardar izini na nufin ya ɗauki alhakin ran ɗalibin da jirgin makaranta. Shi ya sa idanunsa ba sa barin jirgin har sai ya ga tayoyi sun taɓa ƙasa.

Yadda zagayen yake

Ƙananan jiragen koyo, irin su Diamond DA40 da Tampico TB9 da aka sani a Zariya, ko Cessna 152 da ya yi suna a duniya, injinsu ɗaya ne mai farfela. Ɗalibi zai daidaita jirgin a kan titi, hancinsa na fuskantar iska, ya tura totur har ƙarshe. Idan gudu ya kai kimanin kilomita 100 zuwa 110 a awa, sai ya ja sitiyari a hankali jirgin ya rabu da ƙasa.

Nan ne zai ga bambanci na farko. Cessna 152 ba ya wuce kilo 757 idan ya yi lodi cikakke, don haka fitar malami mai kilo 75 ta rage kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin. Jirgin zai tashi da wuri, ya hau sama da sauri fiye da yadda ɗalibin ya saba, wajen sauka kuma ya ɗan yi nawar zama a kan titi.

Zagayen yana da kusurwa huɗu, kuma a ƙa'ida hagu ake juyawa sai dai idan tsarin filin ya ce dama. Ana hawa har kimanin ƙafa 1,000 sama da ƙasa, a bi gefen titin ta hanyar da aka fito, a duba mai da birki da bel, a kira hasumiya, sannan a rage totur a sauke faifan bayan fukafukai, a juyo a fuskanci titin.

Duk wannan ɗalibin ya yi shi sau da dama. Abin da ya sauya shi ne babu wanda zai ce masa gudunka ya yi ƙasa, ko ka yi sama da yawa. Shi zai gani, shi zai gyara.

Fasa sauka ba gazawa ba ce

Babban abin da malami ke son gani kafin ya fita daga jirgi ba sauka mai laushi ba ce. Yana son ya tabbatar ɗalibin zai iya gane cewa saukar ta lalace, ya tura totur, ya koma sama ya sake zagayowa, ba tare da an ce masa ya yi ba.

Galibin matsalolin ɗalibai a wajen sauka suke faruwa. Jirgi ya daki titi ya yi tsalle, ɗalibi ya matsa sai ya zaunar da shi ta hanyar tura hanci ƙasa, sai tayar gaba ta karye ko farfela ta daki kwalta. Wanda ya fasa saukar minti biyar kawai ya ƙara a sama, gaggawa kuwa aikin shaiɗan ce.

Haka nan idan injin ya mutu jim kaɗan bayan tashi, abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya juya ya koma titi. Malamai na hana hakan, domin juyawa a ƙasa-ƙasa ba tare da gudu ba na iya kifar da jirgin. Abin da ake koyarwa shi ne a sunkuyar da hanci a riƙe gudu, a nemi fili a gaba, ko gona ce.

Wani hatsari da ya faru a Southend da ke Ingila a watan Yulin 2006 ya nuna yadda abu kaɗan ke rikita sabon matuƙi. Wani ɗalibi ɗan shekara 16 yana tashinsa na biyu shi kaɗai, yana dab da sauka, sai hasumiya ta umarce shi ya kauce saboda wani jirgi mai sauri da ke bayansa. Umarnin ya sha bamban da abin da ya saba, gudun jirgin ya ragu, ya faɗo ya rasu.

Bayan binciken hatsarin ne hukumomin Birtaniya suka shigo da tsarin da ɗalibin da ke tashi shi kaɗai zai bayyana kansa a matsayin ɗalibi tun a kiransa na farko a rediyo, don masu kula da jirage su sauƙaƙa masa umarni.

Akwai kuma inda horon ya yi rana. A watan Satumban 2018, tayar jirgin wata ɗaliba 'yar shekara 17 ta cire yayin tashi a filin Beverly da ke jihar Massachusetts a Amurka, tana ita kaɗai. Ta ci gaba da zagaye, malami na yi mata magana ta rediyo, har ta sauke jirgin ta fito lafiya.

Hazo da zafi

A Arewa yanayi ma na da ta cewa. Ɗalibi da idonsa yake tuƙi, sai yana ganin titi da inda sama ta haɗu da ƙasa. Idan hazon hunturu ya sauko tsakanin Disamba da Fabrairu, ana iya shafe kwanaki ba a tashi ba, kuma wanda ya daɗe bai tashi ba hannunsa kan yi sanyi, sai ya sake zama da malami.

Zafin bazara na da tasa matsalar. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka injin ba ya ba da cikakken ƙarfi, jirgi kuma na buƙatar titi mai tsawo kafin ya tashi. Ga shi Zariya na kan tudu, fiye da mita 600 sama da teku. Da damina kuma hadari kan haɗu da yamma da iska mai ƙarfi. Wannan ya sa safiya ta fi dacewa da tashin farko.

Bayan an sauka

A makarantu da dama a duniya, abokan karatu kan tarbi ɗalibin da bokitan ruwa su jiƙa shi sharkaf. A Amurka bayan rigarsa ake yankewa a rubuta kwanan wata a kai. Ana danganta al'adar da zamanin da malami ke zama a bayan ɗalibi babu rediyo, sai ya ja masa riga idan yana son ya juya, don haka yanke rigar na nufin ba ya buƙatar a ja shi kuma.

Sai dai tafiyar yanzu ta fara. A ƙa'idar ICAO, lasisin matuƙi mai zaman kansa na buƙatar aƙalla awa 40 a sama, awa 10 daga ciki shi kaɗai, har da tafiyar kilomita 270 da zai sauka a filaye biyu daban. Lasisin kasuwanci kuwa awa 200 ne, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas da aka amince da shi. A Najeriya hukumar NCAA ce ke bayar da waɗannan lasisi.

Kowace awa kuɗi ce, domin kayan gyara da dala ake shigo da su. Shi ya sa iyaye kan sayar da kadara, wasu kuma su dogara da gwamnatocin jihohi, kamar yadda Kano ta tura matasa 100 koyon tuƙin jirgi a Jodan a zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso. Ko bayan lasisi, kamfanoni kan nemi horo na musamman kan nau'in jirgin da suke amfani da shi, wanda shi ma kuɗinsa daban ne.

Wannan matsi kan sa ɗalibi ya ƙosa idan ya ga abokansa sun yi tashin farko a awa 15 shi kuwa ya haura 20. Ga iyaye da masu ɗaukar nauyi, abin lura shi ne yawan awannin da aka yi kafin tashin farko ba ya nuna irin matuƙin da mutum zai zama. Malamin da ya ce a ƙara awa uku ya ƙara wa iyali kashe kuɗi, amma ya yi hakan ne don bai gamsu cewa ɗalibin zai iya yanke shawara shi kaɗai a sama ba tukuna.