ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: TAFIYAR SALLA A KWARIN KOMADUGU

Idan salla ta rage kwana biyar, tashar mota ta Difa ba ta barci. Tun da asuba motocin Damagaram da na Yamai suke sauke mutane: ga ma'aikaci da akwatinsa, ga ɗan lakkol da jakar littattafai, ga ɗan kasuwa da atamfar iyali ƙunshe cikin tabarma. A gefe guda kuma wasu na ɗaure kaya za su fita, domin su baƙi ne da aiki ya kawo, hankalinsu na can Maraɗi ko Tawa ko Doso. Kowa ka tambaya ina ya nufa, amsa ɗaya ce: gida.

A wasu ƙasashe, idan aka ce hutu, sai mutum ya tuna bakin teku da ɗakin otel. A wurinmu hutu shi ne mutum ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ranar idi, ya ziyarci kabarin mahaifinsa, ya nuna wa ƴaƴansa gonar da aka raine shi da amfaninta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Amma ƙafa sai da hanya, hanya kuma sai da lafiya. Abin da za mu duba yau ke nan, ƴan'uwa masu karatu.

LOKUTAN TAFIYA

Lokaci uku ne mutanen jahar Difa suka fi tafiya a shekara. Na farko sallar azumi da sallar layya, waɗanda suke bin lissafin wata, suna matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, har salla takan faɗo cikin damina, wata shekara kuma cikin ɗari. Na biyu babban hutun makarantu, daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da ɗalibai suke komawa taimakon iyaye a gona. Na uku ƙarshen Disamba, da ƙaramin hutun lakkol da bikin 18 ga Disamba na ranar Jamhuriya suke haɗuwa.

Shi wannan lokaci na uku yana da daɗi a kwarin Komadugu. Kogin yana samo ruwansa daga kogunan Haɗeja da Jama'are a Najeriya, ruwan kuwa yakan daɗe a hanya, sai bayan damina ta ɗauke yake cika a nan, wajen Nuwamba da Disamba. A lokacin ne gonakin tattasai na Cetimari da Geskeru da Boso suke fara ja. Wanda ya zo gida a watan sanyi zai tarar da tattasai shanye a kan yashi, ga kifi, ga kuɗi a hannun manomi. Shi ya sa iyalai da yawa suke ajiye ɗaurin aure sai kaka ta yi.

HANYAR HAƊIN KAI

Daga Yamai zuwa Difa kilomita kusan 1.360 ne. Matafiyi zai bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Damagaram, Gure, Gudumariya da Maine-Sorowa kafin ya iso. Galibi kwana biyu ake yi, a yada zango a Damagaram. Daga Difa zuwa Ngigmi kuma akwai sauran kilomita wajen 130.

Dattawa sun san lokacin da babu kwalta gabas da Gure. Mota sai ta kafe cikin yashi, fasinja su sauka su tura, a kwana a daji. An mai da Difa babban birnin jaha a 1964, amma ma'aikacin da aka turo nan a wancan zamani yakan ɗauka horo aka yi masa, domin komawa gida hutu wahala ce babba. A shekarun 1970 ne, da taimakon ƙasar Kanada, aka shimfiɗa hanyar Gure zuwa Ngigmi, aka sa mata suna Hanyar Haɗin Kai. Sunan ya dace. Wannan hanya ita ta sa ɗan Manga da ke aiki a Yamai ya iya yin sallar idi a garinsu ya koma bakin aikinsa cikin mako guda.

Duk da haka, ga mutumin bakin kogi, tafiyar salla mafi kusa ba ta yamma ba ce, ta kudu ce. Komadugu ita ce iyakar Nijar da Najeriya tsawon kilomita wajen 150 kafin ta faɗa tafkin Cadi kusa da Boso. Amma Mobar da sauran Barebari suna zaune a gaɓa biyu tun kafin Turawa su ja layi. Mutum na Difa, ƙanwarsa na aure a Damasak. Mutum na Boso, kawunsa na Malam Fatori. Idan ruwa ya cika a shiga kwale-kwale, idan ya janye da bazara a taka da ƙafa. Maiduguri ta fi Damagaram kusa, can ake sayen kayan salla, can ake kai tattasai da bandar kifi, shi ya sa naira ta saba yawo a kasuwannin jahar tare da sefa.

SHEKARAR DA HANYA TA TOSHE

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Cikin wannan wata gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jahar. Aka hana hawan babur, wanda shi ne abin hawan talaka tsakanin ƙauye da ƙauye. Aka hana cinikin tattasai da na kifi, don kada kuɗin ya faɗa hannun maharan. Bayan harin tsibirin Karamga na watan Afrilu, aka kwashe mutanen tsibiran tafki. A watan Yuni 2016 aka sake afka wa Boso, dubban mutane suka gudu. Ƴan gudun hijira na gida da na Najeriya suka haura dubu 200. Wasu aka kai su sansanin Sayam Foraj, mafi yawa kuwa suka kafa bukkoki a gefen kwalta, tsakanin Difa da Ngigmi.

Ku duba wannan al'amari da kyau. Hanyar da aka gina domin ta kai mutane gida, ita ce ta zama gidan waɗanda suka rasa gida. Yaron da aka haifa a bukkar gefen hanya a 2015 ya girma bai san ƙauyen ubansa ba sai a labari. Ɗalibin da ya taso daga jami'ar Yamai da hutu yakan sauka daga mota ya yi ta tambaya a wane zango iyayensa suke. Salla ta zo, ba ragon layya, domin gonar da ke sayen rago tana bakin kogi, bakin kogi kuwa ba ya shiguwa.

Sannu a hankali aka sassauta. An buɗe cinikin tattasai a 2017, na kifi a 2019. Amma wasu matsaloli suka biyo baya: Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020; aka sake rufewa a Agusta 2023 sai Maris 2024; kogin kuma ya yi ambaliya a 2019 da 2022, ya cinye gonaki da gidaje. Kowace rufewa tana nufin wata tsohuwa ta yi salla ba ta ga jikokinta na ƙetare ba.

Akwai kuma ranakun farin ciki da bai kamata a manta ba. A watan Yuni 2021 aka mai da dubban mutanen Barwa garinsu cikin ayarin motoci, da rakiyar askarawa. Ranar 18 ga Disamba 2021 aka yi bikin Jamhuriya a nan, wanda aka kira Difa Ngla. A ƙarshen Disamba 2022 kuma Difa ta karɓi kokowar ƙasa karo na 43, inda Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi. A waɗannan ranaku baƙi daga jahohi takwas sun cika gari, wasunsu ba su taɓa ganin Komadugu ba. Sun zo, sun ci kifi, sun koma lafiya, suka ba da labari.

ABIN DA AKE YI A MEKSIKO

Ba mu kaɗai ba ne muke da kogi a kan iyaka da ƴaƴa a ƙetare. Can nahiyar Amurka akwai ƙasar Meksiko, wadda kogin Riyo Garande ya raba ta da ƙasar Amurka tsawon kilomita wajen 2.000. Mutane fiye da miliyan 10 da aka haifa a Meksiko suna zaune a Amurka, suna aikin gona da gini da dafa abinci. A 2023 kuɗin da ƴan Meksiko mazauna ƙetare suka aika gida ya haura dala biliyan 63.

Lokacin bikinsu yana farawa ranar 12 ga Disamba, da miliyoyin Kiristoci suke ziyarar majami'ar Gwadalupe a babban birni, ya ƙare ranar 6 ga Janairu. Masu hali a cikinsu sukan tafi garuruwan bakin teku kamar Akapulko da Kankun. Tsofaffin ma'aikata na Amurka da Kanada kuma, masu gudun sanyin ƙasarsu, sukan zo su zauna bakin tafkin Capala har ɗari ya wuce. Amma tafiya mafi girma ita ce ta ƴan ci-rani masu komawa ƙauyukansu, motoci cike da tsaraba, kamar dai namu.

Su ma sun sha wahalar hanya. Suna kuka da cewa wasu ma'aikatan iyaka da na kan hanya suna tatsarsu, ɓarayi kuma suna tare su. A 1989 gwamnatin Meksiko ta kafa wani shiri mai suna Paisano, ma'anarsa ɗan gida. Ana buga ɗan littafi da ke bayyana wa matafiyi takardun da zai riƙe, da kayan da zai shigo da su ba haraji, da abin da doka ta ce ya biya. Ana zuba masu sa ido a kan iyaka da tashoshi lokacin bukukuwa, akwai kuma inda mutum zai kai ƙara idan an zalunce shi. Daga 2010, da rashin tsaro ya yi yawa a arewacin ƙasar, matafiya da kansu suka soma haɗa ayari: ɗaruruwan motoci su taru a garin Laredo na Amurka, su ƙetare tare, ƴan sanda na rakiya, har jahar Keretaro.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Haka kakanninmu suke zuwa Bilma ɗaukar gishiri, haka fatake suke zuwa Gwanja: ba a shiga daji mutum ɗaya. Abin koyi a nan shi ne hukuma ta ɗauki mai komawa gida a matsayin ɗa da za a tara, ba saniyar tatsa ba.

NAUYIN DA KE KANMU

Ga ma'aikatan hukuma, bincike a kan hanya wajibi ne a jahar da ta ga abin da Difa ta gani, kuma babu mai hankalin da zai ƙi shi. Amma a yi shi da ladabi da sauri. A sanar da jama'a ta rediyo, da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tubanci da Larabci, tun salla na da mako biyu: wace takarda ake nema, wace hanya ce a buɗe, ƙarfe nawa ake rufewa. Kuɗin da doka ta aza, a rubuta shi a allo a bakin shinge, a ba da rasit. Mutane da yawa sun gudu sun bar takardunsu cikin gidajen da aka ƙone. Magadan gari su taimaka musu su sami takardar haihuwa da katin shaidar ɗan ƙasa, domin wanda ba shi da kati, ko hanya na da kyau, a ɗaure yake.

Ga masu motoci da direbobi, ribar mako guda ba ta kai ran mutum ɗaya ba. A daina lodin da ya wuce ƙa'ida, a duba taya da birki, direban da ya kwana tuƙi ya huta. Tsakanin Gure da Maine-Sorowa yashi yakan hau kwalta, raƙuma da shanu kuma suna ƙetarawa ba sallama.

Ga ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci, ga ranar amfanin karatunku. Ku karanta tikiti da rasit kafin ku biya. Ku karanta wa maƙwabcinku na cikin mota abin da aka rubuta a takardarsa. Ku rubuta lambar motar da kuka shiga ku aika gida ta salula. Ku yi tafiya da rana, cikin jama'a, ku tambayi hukuma da mai gari halin da hanyar ƙauye take ciki kafin ku kama ta.

Ga ma'aikacin da aka turo daga wata jaha kuwa, muna roƙo ya yi salla ɗaya a nan kafin a canza masa wurin aiki. Ya ga yadda ake gaisuwar idi a ƙofar mai gari, ya ci abincin maƙwabcinsa. Idan hali ya yi kuma hukuma ta tabbatar da lafiyar hanya, ya je ya ga kwaruruwan dabino da kanwa na Gudumariya da Maine-Sorowa, da farin yashin Tal kusa da Ngigmi. Wanda ya san jama'a a ranar murnarsu ya fi iya yi musu aiki a ranar kukansu.

Ba yawan motocin da suka bar tasha ne zai nuna lafiya ta dawo kwarin Komadugu ba. Za mu sani ranar da mutumin Geskeru zai yanka ragonsa a ƙofar gidan ubansa, da la'asar kuma ya shiga kwale-kwale ya kai wa ƙanwarsa cinya a ƙetare, ya dawo kafin magariba ba wanda ya tare shi.

Allah shi kai matafiya gida lafiya, shi mai da ƴan gudun hijira garuruwansu, shi zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.